Kafin ki sayi madubin hangen taurari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta takwas. Tun wani dare da aka ɗauke wuta muka kwana a tsakar gida, ba ta da zance sai na taurari. Na ga ana tallar madubin hangen nesa mai ƙafa uku a intanet, wai yana ƙara girman abu sau 500. In saya mata? Ga shi kuma babanta na cewa wannan harkar 'yan duba ce, ba a cin abinci da ita. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Wannan madubin dai ki bar shi. Ba yawan ƙara girma ke sa madubi ya yi kyau ba, faɗin gilashinsa ne, domin shi ke tattaro haske. Gilashi mai faɗin milimita 60 da kyar yake ba da hoto mai kyau fiye da ninki 120, abin da ya wuce nan dishi-dishi ne kawai. Ƙafafun irin waɗannan masu arahar kuma rawa suke yi, yarinya ta taɓa kaɗan wata ya ɓace mata. Kwana uku sai ta gaji, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Abin da nake jiye mata ke nan, ya fi asarar kuɗin ciwo.

In har za ki kashe kuɗi, nemi mai ido biyu irin wanda ake riƙewa a hannu, wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50. Lambar farko ninki ce, ta biyu faɗin gilashi. Zai yi mata ɗan nauyi, sai ta kwanta a tabarma ko ta jingina gwiwar hannu a katanga. Da shi za ta ga ramukan da ke fuskar wata, musamman wajen daren bakwai ga wata, lokacin da inuwa ke fito da su. Daren sha huɗu haske ya yi yawa. Za ta ga Kaza da 'Ya'yanta sun zarce shida ko bakwai da ido ke ƙirgawa. In hannu bai yi rawa ba, har watanni huɗu masu zagaya duniyar Mushtari (Jupiter), waɗanda masani Galileo ya hango a 1610, tana iya tsinkaya. Zoben da ya kewaye duniyar Zuhal (Saturn) kam ba zai fito ba, kada ki yi mata alkawarinsa. Sharaɗi ɗaya ba sassauci: ba a ɗaga shi a kalli rana, ko a ranar husufi, domin nan take yake ƙona ido. Da rana ki adana shi a ɗakinki.

Amma ni da zan zaɓa, littafin rubutu zan fara saya mata. Ta riƙa zana siffar wata kowane dare daga ranar da ya tsaya, ta rubuta kwanan wata. Da kanta za ta gano yana zagayowa cikin kwana 29 da rabi, shi ya sa watanmu ke yin 29 ko 30. Ki kai ta wajen kakarta ta nuna mata Zara da Gamzaki, daga baya ki gaya mata duk abu ɗaya ne, duniyar Zahra, wani lokaci da magariba wani lokaci da asuba. Manhajar Stellarium a waya za ta faɗa muku sunan abin da kuke kallo. Ku guji daren hazo, sararin sama ya fi wankewa bayan an ɗauke ruwa.

Maganar maigida kuwa, ki bi shi a hankali, domin kalmar "ilimin taurari" ce ta haɗa abu biyu. Ɗan duba yana da'awar sanin gobe. Masanin falaki auna tafiyar rana da wata yake yi, kuma da lissafinsa ake fitar da jadawalin lokutan sallah da alƙibla, ake sanin daren da ya kamata a fita duban wata. Malamanmu sun daɗe suna karanta shi.

Batun cin abinci, gaskiya guraben aikin ba su da yawa. Akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999, tana da cibiya a Nsukka, inda Jami'ar Najeriya ke da sashen fiziks da falaki. Ghana ta buɗe tashar sauraren sararin sama a Kuntunse a 2017, Afirka ta Kudu kuma ta ƙaddamar da irin wannan tasha, MeerKAT, mai faranti 64 a 2018. Hanyar duk ɗaya ce: lissafi, fiziks, sarrafa kwamfuta, sannan digiri na biyu da na uku. Wanda ya riƙe waɗannan, ko bai zama masanin falaki ba, ana nemansa a sadarwa da hasashen yanayi da koyarwa. Saboda haka ragowar kuɗin da za ki zuba a wancan madubin, ki biya mata darasin lissafi da su, ki kuma riƙa duba littafinta na makaranta kamar yadda za ki duba zanen watan.