Hukuncin sayen na'urar gem ta hannu mai tsada don buga tsofaffin wasanni

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina so in sayi na'urar gem ta hannu irin masu tsadar nan, kamar Steam Deck ko Retroid Pocket ko AYN Odin, don in riƙa buga wasannin da muka taso da su na Game Boy da PlayStation ta farko da ta biyu. Mai sayarwa ya ce idan na ƙara kuɗi kaɗan zai haɗa mini da memori cike da wasanni dubbai. Ina kuma da tsofaffin kaset da faya-fayai nawa na kaina. Wani abokina ya ce duk abin haramun ne. Wani kuma ya ce kamfanonin ba na Musulmi ba ne, sun ma daina sayar da wasannin, don haka babu komai. Mene ne gaskiyar hukuncin? Kuma kashe kuɗi masu yawa a kan abin wasa almubazzaranci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abokan naka duka biyun kuɗin goro suka yi wa abubuwan da hukuncinsu ya bambanta. Na'urar daban, fayilolin da ake zuba mata daban, abin da ke cikin wasan da lokacin da yake ci su ma daban.

Ita na'urar halal ce, saye da sayarwa. Asalin abubuwan amfani halacci ne har sai dalili ya hana, kuma wannan ba komai ba ce face ƙaramar kwamfuta mai allo da maɓallai. Steam Deck da kamfanin Valve ya fitar a 2022 tana aiki da babbar manhajar kwamfuta mai suna Linux, su Retroid da Odin kuwa Android ce a cikinsu kamar wayar hannu. Haka manhajar kwaikwayo, wadda 'yan gem ke ce wa emuleta, irin su RetroArch da Dolphin da PPSSPP da PCSX2: mutane ne suka zauna suka rubuta su da kansu don su kwaikwayi aikin tsohuwar na'ura, suka bayar kyauta. Ko a shari'ar Amurka, a ƙarar da Sony ya shigar da kamfanin Connectix, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2000 cewa nazarin na'ura don gina manhajar da ke kwaikwayonta bai saɓa haƙƙin mallaka ba. Shi kansa wasa don hutar da zuciya Shari'a ba ta hana shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci tana kallo.

Inda gizo ke saƙar shi ne memorin nan da mai sayarwa ya yi maka tayi. Emuleta fanko ce, ba ta zuwa da wasa. Sai an ba ta kwafin abin da ke cikin kaset ko faifai, shi ake kira ROM, wasu na'urorin kuma sai an haɗa da BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin cikin na'urar ta asali wadda take tashe ta. PCSX2 ba ta tashi sam sai da BIOS na PlayStation 2, amma PPSSPP da Dolphin da mGBA ba sa buƙatarsa. Duka biyun, ROM da BIOS, suna da masu su. Wasanni dubbai a memori guda a kan ƙarin kuɗi kaɗan, kai da kanka ka san babu wanda ya biya masu haƙƙin ko sisi.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar zamani, kuma bai halatta a yi musu ta'addi ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin haƙƙin da ba a taɓa shi da hannu ba dukiya ba ce. Ra'ayin majalisar ne ya fi ƙarfi a wurinmu, domin abin da mutane suka saba saye da sayarwa, suke ɗaukar ma'aikata su biya su shekaru a kansa, ya zama dukiya. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29: "Kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya kasance ciniki ne bisa yardar juna." Hadisi kuma ya zo cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Zancen abokinka na biyu cewa kamfanonin ba na Musulmi ba ne ba shi da madafa. Dukiyar wanda ba a yaƙi da shi abar kiyayewa ce. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya kashe abokan tafiyarsa mushrikai ya kwashe dukiyarsu, da ya zo Madina sai Annabi ya ce masa Musuluncin ya karɓa, amma dukiyar ba ruwansa da ita. Bukhari ya ruwaito wannan a cikin ƙissar Hudaibiyya.

Hujjarsa ta biyu, ta wasannin da aka daina sayarwa, ta fi nauyi, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Wani bincike na cibiyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa. Wanda ya sauke irin wannan wasan bai hana kowa ciniki ba a yau, cutarwarsa ba ta kai ta wanda ya kwafi sabon wasa ba. Amma daina sayar da abu ba kyautar da shi ba ne. A dokar Amurka, haƙƙin aikin da kamfani ya wallafa yana kai shekara 95, wato ko wasannin Famicom, tsohuwar na'urar kamfanin Nintendo, na 1983 haƙƙinsu bai ƙare ba, kuma kamfanoni sukan sake fitar da tsohon wasa bayan shekaru. Don haka muke rarrabewa. Wasan da ake sayar da shi yanzu ta kowace hanya, saukar da kwafin satarsa haramun ne. Wasan da mai shi ya sake shi kyauta a fili, halal ne. Wanda kamfaninsa ya rushe, ba a san magajin haƙƙinsa ba, babu kuma inda za a saya, shubuha ne: barinsa ya fi tsentseni, wanda ya buga shi don kansa ba ma cewa ya yi babban laifi, amma kasuwanci da shi bai halatta ba ko ta wane hali.

Game da cinikin da aka yi maka tayi, ka ce a cire memorin. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne cinikin da ya haɗa halal da haram a ƙulli guda, da sanin masu cinikin, ya ɓaci gaba ɗayansa. Shafi'iyya da Hanabila a zancensu mafi rinjaye suna inganta ɓangaren halal su soke na haram. Ta kowace fuska dai kuɗin da ka ƙara don wasannin ya tafi a kan abin da mai sayarwa bai mallaka ba, kuma ka ƙarfafa masa gwiwa. Manyan na'urorin da ka ambata daga kamfani ba sa zuwa da wasanni, dillalai ne ke ƙara memorin. Ko ta fuskar duniya ma asara ce, domin irin wannan memori yawanci mara suna ne, yakan lalace ya tafi da duk ajiyar wasanka, wato bayanin inda ka tsaya a kowane wasa, wani ma an yi masa algus ya nuna 256GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa rubuta sabon fayil a kan tsoho. Sayi memori mai suna daban, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ka zuba komai. Ka yi masa fomat da tsarin exFAT, saboda tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, alhali faifan PlayStation 2 yakan kai 4.7GB.

Kaset da faya-fayan da ka mallaka su ne hanyarka mai tsafta. Ka saye su da kuɗinka, ɗebo kwafinsu don amfanin kanka ya halatta a wurinmu da sharaɗi uku: asalin ya ci gaba da zama a hannunka, kada ka raba kwafin, kuma dokar ƙasar da kake zaune ba ta hana ba, don dokoki sun bambanta a nan. Ranar da ka sayar da kaset ɗin ko ka kyautar, ka goge kwafinsa.

Faifan PlayStation ta farko da ta biyu kowace kwamfuta mai ma'ajin DVD tana karanta shi. Da manhaja irin ImgBurn za ka fitar da na farko a matsayin fayiloli biyu, BIN da CUE, na biyu a matsayin fayil ɗin ISO. Kada ka jefar da fayil ɗin CUE don ka ga shi ƙarami ne, shi ke nuna wa emuleta inda kowane sashen faifan ya fara, rashinsa ne ke sa wasu wasannin su tashi babu sauti. Idan wuri ya yi ƙaranci ka matse su zuwa nau'in fayil mai suna CHD, babu abin da ke raguwa daga wasan. Faifan GameCube da Wii kuwa ma'ajin DVD na yau da kullum ba ya karanta su, ana ɗebo su ne da ita Wii ɗin kanta ta manhajar CleanRip. Kaset ɗin Game Boy yana buƙatar 'yar na'urar karatu da ake jonawa da USB, irin GB Operator. Kafin ka soka shi, goge haƙoransa na ƙarfe da auduga da ɗan sifirit ka bari ya bushe, domin datti ne ke sa kwafi ya fito gurgu, wasan ya tsaya a tsakiya. Ka fara ɗebo ajiyar wasan kafin komai, saboda tsofaffin kaset da yawa ɗan batir mai kama da maɓallin riga ne ke riƙe da ita, yana mutuwa ko aka cire shi ta tafi. BIOS shi ma daga na'urarka ta asali za ka ɗebo shi. In ba ka da ita, ka tsaya kan emuletocin da ba sa buƙatarsa.

Akwai kuma hanyoyin da ba su da wannan wahalar. Analogue Pocket, wadda ta fito a 2021, kai tsaye ake soka mata kaset ɗin Game Boy na asali. Evercade tana sayar da tarin tsofaffin wasanni a kaset da lasisin masu su. A kan Steam Deck za ka iya sayen tarin da kamfanonin suka sake fitarwa da kansu a shagunan wasanni na intanet, Steam ko GOG. Sannan ga sababbin wasannin da masu sha'awa ke rubuta wa tsofaffin na'urori su bayar kyauta.

Za ka iya cewa: tunda ina da faifan, me ya hana in sauke kwafinsa a intanet in huta? Wannan ya fi sauƙi a kan saukar da abin da ba ka mallaka ba, don mai haƙƙi ya riga ya karɓi kuɗinsa. Duk da haka muna ƙinsa idan kana iya ɗebowa da kanka, saboda shafukan da ke raba fayilolin suna cin kuɗin talla da ziyararka, tallace-tallacen nasu kuma sau da yawa na caca ne da batsa. Idan faifan ya karce ya daina karantuwa, akwai sauƙi. Na'urar da har yanzu ake sayar da wasanninta, irin Switch, ka nisanci kwaikwayonta da fayilolin sata, a nan cutarwar a fili take. A 2024 masu emuletar Yuzu sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikin.

Wanda ya riga ya saya da memorin a ciki, ya goge wasannin da bai mallaka ba, ya yi istigfari, na'urar ta zama tasa halal. Sai dai ya lura: ƙananan na'urori masu Linux, irin wasu na Anbernic, manhajar da ke tashe su tana kan memori ne, wasu ma ramin memori biyu gare su, ɗaya na manhaja ɗaya na wasanni. Ya goge abin da ke cikin jakar wasanni kawai, in ya share katin gaba ɗaya na'urar ba za ta tashi ba.

Sai abin da ke cikin wasan. Tsufansa ba ya tsarkake shi. A bar wanda ke nuna tsiraici, ko izgili da addini, ko wanda sai ɗan wasa ya yi sujada ga gunki ko ya roƙi wanin Allah kafin ya ci gaba. A bar wasannin gidan caca ko da ba kuɗin gaske ake sawa ba, don suna saba wa zuciya da abin da Allah ya kira ƙazanta a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Wasan nardu, wanda ake jefa ƙwayoyi masu ɗigo, hadisin Muslim ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa, kuma komawarsa kan allo bai canza shi ba. Kiɗa kuwa mafi yawan malamai sun hana shi, a wasanni da dama ana iya kashe shi daban a bar sauran sauti, in ba a iya ba a rage murya.

Salla ba ta da uzuri a nan ko kaɗan. A da yaro yakan ce bari in kai wurin ajiya. Yanzu yawancin emuletoci suna ajiye wasa a daidai inda yake da danna maɓalli, Steam Deck kuma ana taɓa maɓallin wuta take barci ta jira ka. Wasan da ya fitar da salla daga lokacinta, ko ya tauye haƙƙin iyaye ko iyali ko aikin da ake biyanka, ya haramta a kanka ko da shi a karan kansa halal ne. Steam tana nuna awannin da ka ɓata a kan kowane wasa, RetroArch ma tana da wurin kunna wannan lissafi. Ka kunna, ka riƙa dubawa.

Tsada kuwa ba ita ce almubazzaranci ba. Ana auna israfi da halin mutum ne. Wanda ya sauke ciyarwar da ke kansa, babu bashin da lokacin biyansa ya yi, ya fitar da zakka idan ta hau kansa, babu laifi ya sayi mai kyau, wataƙila ma ita ce ta fi arha a ƙarshe idan ta daɗe. Wanda zai ci bashi mai ruwa, ko ya taɓa kuɗin abinci da makarantar yara, haramun ne a kansa. Ka kuma sayi daidai buƙatarka: Game Boy da PlayStation ta farko ƙaramar na'ura mai allon 4:3 ta ishe su, PlayStation 2 da GameCube ne ke neman firosesa mai ƙarfi da fanka mai sanyaya ta. Tunda kana da faya-fayan PlayStation 2, neman babbar a wurinka yana da dalili. Tara na'urori biyar ko shida a aljihun tebur don kawai sabuwa ta fito, wannan kam ya shiga almubazzarancin da aka hana a Suratul Isra'i.

Allah ne Mafi sani.