Birki na riƙe taya ko ba a taka ba

Malam, ka ce motarka mai gudu tana nauyi, tayar gaba na zafi tsakanin Garwa da Marwa. Ɗaga ta da jak, ka juya tayar da hannu. Ɗan gogar takalmin birki a faifai ba komai ba ne. In ta cije, akwai magana.

Galibi sandunan nan biyu da kalifa (ƙarfen da ke matse takalmin birki a faifai) ke zamewa a kansu ne ƙurar hunturu ta busar. Wanke su, ka shafa giris ɗin silikon. Na gama-gari yana kumbura roba, na sha gani.

In birkin bai saki ba, sassauta noti mai fitar da iska na jikin kalifa. Taya ta saku nan take? Duba tiyon birki, yakan toshe daga ciki. Man birki na DOT 4 kuwa yana shan ruwa har fistan da ke tura takalmin birki ya yi tsatsa, a canza shi duk shekara 2.