Zuwa Columbus kallon wasan Michigan da Ohio State

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace kai ɗalibin Michigan ka bi 'yan ƙwallon Amurka na jami'arku zuwa filin Ohio State. Ka je mana, amma da shiri.

Daga Ann Arbor, garin jami'arku, zuwa Columbus, garin Ohio State, kusan awa 3 ce a mota. Ƙarshen Nuwamba ake wasan, yawanci da tsakar rana, don haka ka yi sammako. Gara ka ajiye mota nesa ka taka. Sanyin kuwa ba sauƙi, ka sa riga kan riga, domin za ka haura awa 3 a fili.

Gabar da ke tsakanin jami'o'in nan biyu tun 1897 take. A makon wasan 'yan Ohio State har harafin M na Michigan suke liƙe wa tef a allunan jami'arsu. Ka ga mutum wajen 100,000 cikin ja, kai kana cikin shuɗi da ruwan ɗorawa! Za a yi maka ihu, wasu sun bugu tun safe. Kada ka tanka. Ni dai nakan rufe rigata da jaket sai na zauna cikin namu, in mun ci kuma mota nake nufa kai tsaye.