Amsar Kaka kan batun gaisuwar mutuwa a Amurka

Amarya, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini, don idona ya daina jure wa ƙananan baƙaƙen waya. Kin ce mijin tsohuwar Baturiyar da kuke maƙwabtaka ya mutu, 'ya'yanta sun buɗe shafi a Facebook ana rubuta jaje, ƙawayenki kuma sun ce ki rubuta layi biyu ki liƙa hoton fure ki huta, wai Amurkawa ba sa son a faɗo musu gida. Kina tambaya ko hakan ya wadatar, ko lallai sai kin taka, in kuma za ki je me za ki riƙe. Na yi dariya har kishiyar taki ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Daga baya dariyar ta ɗauke. Bango ɗaya ne tsakaninki da matar nan, amma sai kin aiko tambaya Kano kafin ki ce mata sannu.

Amurkar da ƙawayenki suke ba ki labari daban take da wadda na zauna a ciki. A 1963 ina ɗalibi a wani ƙaramin gari a jihar Ohayo, cikin waɗanda aka tura karatun koyarwa. Ɗaki na kama a saman benen wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ni da ita kaɗai a gidan sai kyanwa. Da asuba mai madara zai ajiye kwalabe a bakin ƙofa ya kwashe na jiya, babu mai taɓawa. Can sai yaron jarida ya wuce a kan keke ya jefo ta kan dakali ba tare da ya tsaya ba. Dattawa ba sa fita kai babu malafa, mata kuwa in za su coci ranar Lahadi har safar hannu suke sawa. Talabijin ya shiga kusan gida tara cikin goma, hoto baƙi da fari, manyan tashoshi uku ne kawai, CBS da NBC da ABC, saboda haka abin da ka kalla jiya da dare shi maƙwabcinka ya kalla, shi za a yi hira a kai da safe. Ni da na baro gida muna kewaye rediyo ɗaya a ƙofar gida muna jin BBC Hausa, abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Har abinci suka ƙirƙiro saboda akwatin nan: kamfanin Swanson yana sayar da naman talotalo da dankali da wake a daskare cikin farantin alminiyom mai gida-gida, ka jefa a tanda, ka ɗora a ɗan tebur mai naɗewa ka ci kana kallo. Uwar ɗakina ba ta yarda da shi ba. Cewa take abincin gwauraye ne.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba ina sama. Babu masallacin Juma'a a garin, Azahar nake yi a ɗaki. Ita tana ƙasa tana guga tana kallon wasan kwaikwayon nan na rana da matan gida suke bi kullum. Ina sallamewa na ji ta ƙwala mini kira da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Na sauko na tarar an katse wasan. Babu ma fuskar kowa a akwatin, rubutu ne kawai da murya, don kyamarorin lokacin sai sun ɗau zafi kafin su yi aiki. Muryar tana cewa an harbi Shugaba Kennedy a Dallas. Dutsen guga yana zaune a kan rigar matashi har ta fara ƙauri, ni na ɗaga shi. Bayan kamar awa ɗaya Walter Cronkite, mai karanta labarai na CBS, ya cire tabarau, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ce shugaban ya cika da ƙarfe ɗaya agogon can. Ya mayar da tabarau, ya haɗiye yawu, da ƙyar ya ci gaba. Shekarar mamacin 46.

To, ga abin da nake so ki ji. Matar nan ba ta zaɓi Kennedy ba. A 1960 Nixon ta jefa wa, kamar yawancin mutanen jihar, kuma ba ta ɓoye cewa ba ta so ɗan Katolika ya hau kujerar ba. Amma kafin magariba falonta ya cika. Babu wanda ya buga waya ya nemi izini, ƙofa kawai ake ƙwanƙwasawa. Matar gidan da ke kallon namu ta shigo da kwanon gilashi a rufe da tawul, taliya ce da kifin gwangwani da aka gasa a tanda. Wata ta kawo burodin ayaba, wata naman alade, ta tuna da ni ta koma ta soyo ƙwai. Kowane kwano in ka juya gindinsa za ka ga an liƙa 'yar takarda da sunan mai shi, don a san inda za a mayar. Kowa yana da talabijin a gidansa, ki lura, amma babu mai son ya kalla shi kaɗai. Uwar ɗakina ta ce mini haka suka yi mata lokacin mijinta, ta daɗe ba ta ɗora tukunya ba.

Tashoshin nan uku suka dakatar da talla da wasanni gaba ɗaya har aka yi jana'iza. A ƙasar da ko labarai ba a karantawa sai an tallata sabulu ko taba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu kuwa muna nan zaune, kofi yana zagayawa. Akwai wani tsoho da ya yi yaƙin duniya na farko, kujera ɗaya ya riƙe kusa da taga, malafarsa a gwiwa, bai cika magana ba. Na ce a raina, ai wannan zaman makoki ne, tabarma ce kawai babu.

Ranar Lahadi sun dawo daga coci ke nan, ana jera faranti, aka nuna za a fito da Lee Harvey Oswald, wanda ake zargi, daga ofishin 'yan sandan Dallas zuwa gidan yari. Muna kallo wani mutum mai malafa ya kutso cikin 'yan jarida ya harbe shi a ciki. Jack Ruby, mai gidan rawa. Tashar NBC kai tsaye ta nuna, ba ɗauka aka yi aka sako ba. Wani ɗan yaro da ke kwance a ƙasa ya waiwayo ya tambayi uwarsa ko wasan kaboyi aka sa. Ba ta amsa ba, ta ja shi ta rufe masa ido da tafin hannu, bayan ya riga ya gani.

Litinin aka rufe makarantu da ofisoshi. Kowa ya zo da baƙaƙen kaya, ni na sa farar babbar rigata da hula, irin shigar da zan yi in a gida ne, kuma babu wanda ya ga laifina. Dawakai suka ja akwatin gawar. A baya ga wani baƙin doki babu mahayi, an sa takalman sau-ciki a likkafa suna kallon baya, yana ta turjiya, sojan da ke riƙe da shi yana fama. Matar mamacin, 'yar shekara 34, wadda jaririnta ya rasu a watan Agustan shekarar, ta rufe fuska da baƙin mayafi ta taka da ƙafa daga Fadar White House har cocin. Manyan duniya suka bi ta a ƙasa su ma. De Gaulle na Faransa, dogo zanƙalele, ga Sarki Haile Selassie na Habasha ɗan gajere a gefensa, ƙirji cike da lambobi. Duk falon aka juyo ana tambayata ko sarkinmu ne. Na ce tsakanina da garinsa ya fi tsakaninsu da Kalifoniya wahalar zuwa, amma na karɓi gaisuwar a madadinsa. Da ɗan mamacin, wanda ya cika shekara uku a ranar, ya ɗaga hannu ya sara wa akwatin ubansa, tsohon sojan nan ya dafa kujera ya miƙe tsaye shi ma ya sara wa talabijin. Daga nan ban iya gaya miki wanda bai yi kuka ba.

Ina kallon sarakunan nan suna tafiya a ƙasa sai maganar Baffa, mahaifina, ta faɗo mini. In aka yi rasuwa a ƙauye, ko damina ce, sai ya ɗaura wa jaki akumari ko ya kama hanya da sanda. In an ce Malam ka aika mana, sai ya ce zumunci a ƙafa yake. Kowane ɗayan mutanen nan yana da jakada a Washintan, yana da waya, yana iya buga talgiram ya zauna a gida. Inna kuma, kakata, in za ta gidan mutuwa ba ta zuwa hannu rabbana, ko ɗan gero ne sai ta ƙulla a gefen zane. Takan ce mai makoki ba ya jin yunwa, amma yaran gidan suna ji.

Kada ki ɗauka ina wanke su ne tas. Wata biyu kafin nan, ranar 15 ga Satumba, aka sa bam a wani cocin baƙar fata a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. A falon nan aka kalli labarin, aka girgiza kai, aka ci gaba da cin abinci. Ban ga kwano ya tsallaka titi ba. A garuruwa da yawa har maƙabarta da gidajen shirya gawa raba su aka yi, na farare daban, na baƙaƙe daban. Ni kaina akwai shagon askin da aka ce mini ba su iya irin gashina ba, alhali in na sa babbar riga a matsayin baƙo daga Afirka sai a yi ta haba-haba da ni fiye da baƙin mutumin da aka haifi kakansa a garin. Kirkinsu yana da iyaka, kuma na ga inda iyakar take. Sai dai cikin iyakar nan sun san haƙƙin maƙwabci, ba kamar yadda ake gaya miki ba.

Rubutu kuma ban ce laifi ne ba. Matar Kennedy ta samu wasiƙun ta'aziyya fiye da 800,000 cikin 'yan makonni, har ta fito a talabijin a watan Janairu ta yi godiya. Amma waɗannan mutane ne da ba su da hanyar isa gare ta, suka nemi takarda da alƙalami da kan sarki. Ni ma a 1966, ina Kano, bayan an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sai ga shuɗiyar ambulan daga Ohayo. Uwar ɗakina ce, ta yanko labarin daga jaridar garinsu ta haɗo da shafi biyu da hannunta mai rawa. Ta tuna na taɓa nuna mata hoton Firayim Minista lokacin da ya ziyarci Kennedy a 1961. Teku ne ya raba mu, shi ya sa ta rubuto. Ke me ya raba ku?

Ba ku kaɗai ba ne, mu ma nan abin ya lalace. Ka je zaman makoki ka tarar da samari a ƙarƙashin rumfa, kowa ya sunkuyar da kai a waya, ana shafa fatiha hannu ɗaya ne ke tashi. Kafin a gama haƙa kabari hoton mamaci ya zagaye gari, wani lokaci 'yar'uwarsa ta ciki ɗaya a nan za ta fara gani. Wanda ke unguwa ɗaya da kai zai liƙo maka Innalillahi da wani ya riga ya rubuta, ya ɗauka ya sauke nauyi. Da Baffa yana raye da ya tambaye shi ko ciwon ƙafa yake.

In za ki dafa, ki yi dafa-duka ki rage yaji, tsofaffinsu ba sa iyawa da attaruhu. Ki sa a kwanon da za a dawo miki da shi, ki liƙa sunanki a gindi, kada ki kai a na roba da ake yarwa. Ki je da rana, ki ƙwanƙwasa. In ta ce ki shigo ki zauna kaɗan, in ta fara ba ki labarinsa ki bar ta ta yi, ba sai kin nemo abin faɗa ba. In ba ta buɗe ba ki ajiye a bakin ƙofa da 'yar takarda. Sai kuma bayan mako biyu, lokacin da 'ya'yan suka hau jirgi kowa ya koma garinsa, ki sake leƙawa ki ce kin zo karɓar kwano.

Batun da kika ƙara a ƙarshe, na ko za ki bi su coci da abin da ya halatta ki faɗa a wurin, wannan ba a saƙon waya za mu yi shi ba, kuma kawunki ya fi ni karatu, zan sa shi ya zauna kusa. Ki kira ranar Juma'a bayan La'asar ɗinmu, ba irin kiran nan naki na ƙarfe biyun dare ba. Kishiyar taki tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko dafa-dukan ma kin iya, ko shi ma sai an aiko miki daga Kano.