Yara sun sha yogot sun kwanta: wace hukuma ce ke da hurumi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na sayi yogot na roba a wani kanti a unguwarmu a Kano, yarana biyu suka sha, suka kama amai da gudawa har sai da aka ba su gado a asibiti. Daga baya na duba robar, babu lambar rajista. Na kai ƙorafi wani ofishi aka ce ba huruminsu ba ne, aka tura ni wani. Wa ke da alhakin wannan, kuma zan iya neman diyya?

Amsa: Allah Ya ƙara wa yaran sauƙi, Malama. Yawon da aka sa ki ba sabon abu ba ne, domin a Najeriya babu hukuma ɗaya tilo da ke kula da lafiyar abinci. An raba aikin ne gwargwadon inda abincin yake a kan hanyarsa daga gona zuwa kwano.

Abin da aka sarrafa aka ƙulle a roba, leda ko gwangwani, na NAFDAC ne, hukumar da aka kafa a 1993 a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Doka ta hana haɗa irin wannan abinci, ko tallarsa, ko sayar da shi, sai an yi masa rajista. Rashin lamba a robar nan laifi ne mai zaman kansa, ko da babu wanda ya yi ko atishawa. Don haka ofishin NAFDAC na jiha shi ne zangonki na farko, kuma suna da ikon kwashe kayan da rufe inda ake haɗa su.

Kantin kuma wani batu ne daban. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, mayanka, kantuna, gidajen abinci da gidajen burodi. Nan ne aikin duba-gari yake. Idan mai kantin yana kashe firiji da dare don tsimin man janareta, yogot ya tsinke kafin gari ya waye, wannan maganar duba-gari ce. Ma'aikatar Noma na kula da amfanin gona kafin a sarrafa shi, sha'anin dabbobi da nono ya samu ma'aikatarsa a 2024, ita kuwa SON, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci, ita ke tsara mizanin inganci. Waɗannan ba su shafe ki kai tsaye ba, kada ki ɓata kuɗin mota.

A ganina wannan rabo yana da illa. Kowa na riƙe da nasa ɓangare, abin da ya faɗa tsakani kuma ba shi da uban gida. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da gurɓataccen sinadarin haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane, har aka yi asarar rayuka.

Sai batun diyya, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. NAFDAC da duba-gari hukunta mai laifi suke yi, ba sa karɓo miki kuɗin asibiti. Mai wannan aikin ita ce FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye da dokar 2018 ta kafa, kuma Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Dokar ta ce wanda ya samar da kaya mai aibu shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da kayan suka jawo. Hukumomin nan za su iya kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu ba tare da kin ɗauki lauya ba. Idan sulhu ya gagara, ƙofar kotu a buɗe take. A 2008 Kotun Ƙoli ta ba wani mutum mai suna Okwejiminor gaskiya, bayan ya tarar da kyankyaso a kwalbar lemon da yake sha, ta ce kamfani na da alhakin kula da wanda zai sha kayansa ko da ba daga hannunsa ya saya ba.

Sai dai irin wannan shari'a hujja ce ke cin ta, ba tausayi ba. Lauyan wancan ɓangare zai tambaye ki me yaran suka ci da safe, wane ruwa suka sha, kuma ta yaya kika san yogot ɗin ne. Ki adana robar da ragowar abin da ke ciki a firiji, kada ki wanke ta. Ki ɗauki hotonta ta kowane gefe. Ki nemi likita ya ba ki rahoto a rubuce, ki tattara rasit ɗin magani da na gado. Idan akwai maƙwabtan da su ma suka saya suka kamu, ki rubuta sunayensu.

Ƙorafin kuma ki yi shi a rubuce, kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a naki. Kada ki ambaci sunan kantin ko kamfanin a Facebook ko WhatsApp kafin sakamakon gwaji ya fito, don kada ƙarar ɓata suna ta juyo kanki.