Kada Baba ya sayar da fadamar nan

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya jikin Inna? Saƙonka ya iso, har da hoton takardar da jami'ar nan ta Ingila ta aiko maka. Ka ce sun ba ka gurbin digiri na uku a fannin ƙasar noma da ban ruwa, suna neman kuɗin kafin alƙalami nan da ƙarshen wata mai zuwa, Baba kuma ya ce in ta kama a sayar da fadamar bakin kogi da shanun huɗa, a sayar. Ka kuma tambaye ni ƙasar da ta fi, Ingila ko Amurka ko nan Holan inda nake.

Na karanta takardar a tsanake. Babu inda aka ambaci tallafi a cikinta. Abin da ta ce shi ne ka cancanta, in kana da kuɗi ka zo. Irin wannan takarda ba ta da wuyar samu ga mai digiri na biyu mai kyau kamarka, domin kuɗin ɗaliban waje na cikin abin da jami'o'in Ingila ke rayuwa da shi. Ban faɗi haka don in rage maka farin ciki ba, ka yi ƙoƙari, amma gara ka ji daga bakina.

Zo mu yi lissafi. Ɗalibin waje mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, a yawancin jami'o'in Ingila kuɗin makarantarsa na shekara ya haura Fam 20,000. Na ci da sha da haya kuwa, ga ma'auni: hukumar UKRI da ke ɗaukar nauyin bincike a Birtaniya, mafi ƙarancin alawus ɗin da ta yanka wa ɗalibanta a shekarar karatu ta 2025/26 Fam 20,780 ne, kuma na mutum ɗaya ne, ba na mai mata da 'ya'ya biyu ba. Sai kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza, Fam 776 na kowace shekara a kan kowane mutum, gaba ɗaya ake karɓa tun ba ka taka jirgi ba. Shekara uku, in ma ka gama a ukun, lissafi ya wuce Fam 120,000. Buga shi da canjin yau ka gani. Fadamar da shanun, har da abin da ke rumbu, ko shekarar farko ba za su fitar da kai ba. In kuma wani ya ce maka ai za ka yi aiki ka biya, bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka lokacin karatu, kuɗin da za ka samu a bakin haya da cefane zai tsaya. Ka tuna abin da ya faru bayan an saki Naira a watan Yunin 2023: Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, kuma a 2024 an yi ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a arewacin Ingila da aka dakatar saboda bashin makaranta, har aka umarci wasu su bar ƙasar. Su ma da lissafinsu suka tafi.

Abin da ba a cika faɗa mana a gida ba shi ne, a fannin kimiyya irin naka, digirin digirgir aiki ne, kuma biyan mutum ake yi ya yi shi. A nan Holan ma'aikacin jami'a ne kai, da kwantiragin shekara huɗu, da albashin da ke farawa daga wajen Yuro 3,000 a wata kafin haraji, da hutu da fansho. A Suwidin da Nowe da Denmak ma matsayin ma'aikaci ake ɗaukar mutum. A Jamus sau da yawa ana ɗaukar mutum a kan kashi 65 cikin ɗari na albashin mai bincike, kuma babu kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya kowane zango. Tallan waɗannan gurabe ake yi kamar na kowane aiki, a shafukan intanet irin su AcademicTransfer ga Holan, a EURAXESS ga Turai baki ɗaya, a FindAPhD ga Birtaniya. Akwai kuma guraben Marie Curie na Tarayyar Turai da ba ruwansu da ƙasar da ka fito, sharaɗinsu dai kada ka zauna fiye da wata 12 a ƙasar da za ka je cikin shekara ukun da suka wuce, kai kuwa ko Maigatari ba ka cika tsallakawa ba. Gasa akwai ta, mai zafi ma, gurbi ɗaya mutane da yawa daga ko'ina. Amma nema kyauta ne, in an ƙi ka ba ka yi asarar komai ba sai data.

Amurka tsarinta daban: shekara biyar zuwa shida, a fara da darussa, sashen ya yafe maka kuɗin makaranta ya ba ka alawus, kai kuma ka taya koyarwa ko bincike. Yawanci a Disamba ake rufe karɓar takardu, kuma wanda aka ba tallafi yana da har zuwa 15 ga Afrilu ya yanke shawara. Sai dai dokokin bizarsu ga 'yan Najeriya sun yi tsauri sosai tun 2025, saboda haka ni ba zan sa ka ka ɗora duk burinka a can ba.

To, tambayarka ta wace ƙasa ta fi. Ni da zan ba ka shawara, ka ajiye ta tukuna. Ba ƙasa za ta duba aikinka ba, ba kuma sunan jami'a ba. Mutum ɗaya ne ko biyu za ka zauna a ƙarƙashinsu shekara huɗu, su ne za su karanta babinka ko su bar shi a kan tebur wata uku, su ne za su nemo kuɗin gwajin ƙasa in ya ƙare, su ne za su tsaya maka a taron tantancewar da ake yi bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, inda ake yanke ko ka ci gaba ko ka tattara. Na ga wanda ya shiga jami'a mai suna ya faɗa hannun farfesan da ɗalibai suka yi wa yawa, sai ya yi wata da watanni bai sa shi a ido ba. Na kuma ga wanda ke ƙaramar jami'ar da ba wanda ya san ta a Kano, malamarsa na zama da shi kowane mako, ya gama a kan lokaci da maƙalu masu kyau. Saboda haka ka fara daga maƙalun da ka karanta lokacin digirinka na biyu a Bayero. Su wa suka rubuta waɗanda suka fi burge ka? Ina suke yanzu? Me suka wallafa a shekara biyu ko ukun nan? Ɗalibansu na baya sun gama, kuma ina suka tafi? Sunayen ɗaliban na nan a kan maƙalun, ka rubuta wa ɗaya ko biyu ka tambaye su yadda zama da malamin yake. Ɗalibi ba ya cika ɓoye wa ɗan uwansa ɗalibi gaskiya, in ma bai faɗa ba, yadda zai yi ta kewaye-kewaye ya ishe ka amsa.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Ka rubuto min kana cewa kai ɗan ƙauye ne, ba ka taɓa aiki da manyan na'urori ba, da me za ka yi gasa da 'yan Indiya da 'yan Sin. Na'ura a wata shida za a koya maka ita. Abin da ke hannunka su ba su da shi. Ka tashi a ƙasar Auyo, cikin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Ka san yadda ruwan kogin ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin ka ji daga bakin dattawan da suka ga kafin da bayan. Ka san yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, ka ga ambaliyar 2022 da idonka, ka san gonar da kanwa ta fara fitowa a samanta da abin da mai ita ke yi kafin ya haƙura ya bar ta. Kana iya zama a gindin bishiya da manomi ku yi awa biyu ya gaya maka abin da ba zai taɓa gaya wa baƙo mai tafinta ba. Akwai masu bincike a Turai da ke da kuɗin aiki a kan ruwa da ƙasa a yankin Sahel, hotunan tauraron ɗan adam sun cika musu kwamfuta, abin da suka rasa shi ne mutumin da zai taka gonar ya ce musu wannan tabon ba shinkafa ba ce, kacala ce. Wannan za ka sa a gaba, ba roƙo ba.

Shi ya sa wasiƙar da ka nuna min ba ta yi ba. Ka buɗe da yabon farfesan sahu biyar, ka ce kai marar galihu ne daga ƙasa mai tasowa, ka rufe da neman taimako. Irinta suna samu da yawa a kowane mako, yanzu ma da na'ura ke rubuta wa mutane duk kamarsu ɗaya, ba sa kaiwa ƙarshe suke gogewa. Ka rubuta gajeriya. Ka ambaci maƙalarsa guda da ka karanta da gaske, ka faɗi abin da ka gani a gonakinku da ya dace da ita ko ya saɓa mata, ka faɗi samfurin ƙasa nawa ka auna a digirinka na biyu da abin da ka samu, sannan ka tambaya ko yana da gurbi mai kuɗi ko zai mara maka baya ka nemi tallafi. Ka haɗa da takardar tarihin karatu da aikinka, shafi biyu. Wasiƙa biyar irin wannan sun fi ɗari irin waccan. Kuma don Allah ka cire maƙalun nan biyu da ka biya kuɗi aka buga maka cikin mako guda. A gida suna ƙirguwa wajen ƙarin girma, na sani, amma a nan mai dubawa na ganin sunan mujallar zai canza fuska.

Sauran ƙofofi kuwa ka san yawancinsu. Tallafin Commonwealth ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja ake bi, DAAD na Jamus na son ka zo da wasiƙar malamin da ya yarda ya karɓe ka, na Turkiyya a Janairu zuwa Fabrairu ake nema kuma ba sa ɗaukar wanda ya kai 35 a digiri na uku, sai jami'ar KAUST a Saudiyya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da malaman kwalejinku suka saba tafiya Maleshiya da shi ya dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025. UKRI ma na ɗaukar 'yan waje tun 2021, amma ba sa wuce kashi 30 cikin ɗari na gurabe. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne, ko a masallaci ɗaya kuke sallah.

Kada kuma ka raina na kusa. Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da ke Bayero tana cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa a Afirka, ga cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT duk suna da ofis a Kano, ga shirin WASCAL na sauyin yanayi da Jamus ke ɗaukar nauyi a jami'o'in Afirka ta Yamma. Commonwealth na da tsarin da za ka yi rajista a jami'ar gida, ka je Birtaniya wata 12 ka yi aikin gwaje-gwaje ka dawo. Ga mai iyali da tsofaffi, wanda kuma bincikensa a gonakin Jigawa yake, ni wannan ya fi kwanta min a rai fiye da a ɗauke ka shekara huɗu kana auna ƙasar da ba za ka taɓa nomawa ba.

In Allah ya sa tayin mai kuɗi ya zo, kada murna ta hana ka tambaya. Shekara nawa kuɗin zai ɗauka, uku ko huɗu, kuma in ya ƙare ba ka gama ba fa? A Ingila, kuɗin makarantar ɗan waje za su biya ko na ɗan gida, kai ka cika gibin? Wa zai biya jirgi da aikin fili in za ka dawo ɗibar samfuri? Alawus ɗin ya kai abin da hukumar shige da fice ke nema kafin ta bari maiɗakinka da yara su biyo ka? Duk amsar da aka ba ka, a rubuce. Gidan haya a garuruwan jami'a na nan wahala yake ba kaɗan ba, shi ya sa yawanci mutum ke fara zuwa shi kaɗai. Azumin bazara a nan yana kaiwa awa 18, amma wannan kam da sauƙi yanzu, ya gangaro lokacin sanyi.

Jami'ar nan ta Ingila, ka rubuta musu cikin ladabi ka nemi su ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka ce kana neman tallafi. Da yawa suna yarda, kuma takardar za ta yi maka amfani wajen neman Commonwealth. Ko sisi kada ka tura. Baba kuma ka gode masa ƙwarai, ka ce masa Yaya ya ce a dakata, akwai hanyar da ba sai an taɓa gona ba, ni ma zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko.

Kafin nan, ka shiga Kano ka nemi takardar sakamakonka ta digirin farko da na biyu, ka kuma sabunta fasfo, don su ne ke cin lokaci. Jarrabawar Turanci ta IELTS ka ɗan jinkirta ta, shekara biyu kawai sakamakonta ke aiki, kuma wasu jami'o'in na karɓar shaidar cewa da Turanci ka yi karatu. Ka sanar da malamanka biyu da za su rubuta maka shaida tun yanzu, ba ana gobe rufewa ba. Sai ka turo min sunayen masu bincike biyar da sabuwar wasiƙar, mu gyara ta tare. A gaida Inna da jiki, a shafa min kan yara.