Yadda hazo zai sauka a kan tuddan Dartmoor da fentin ruwa

Ɗan'uwa, ka ce kana zana tuddan Dartmoor na kudu maso yammacin Ingila, amma sai su fito a bushe, ba hazo, ba nisa. Sirrin yana cikin ruwan.

Nemi takardar auduga mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Jiƙa wajen sararin sama da ruwa zalla, ka dakata har sheƙin ya fara dushewa, sannan ka ɗora launi. Haɗa shuɗi da ɗan jan ƙasa, za ka samu toka-toka mai rai. Baƙi kam kar ka kusance shi. Tudun can nesa ya zama fari-fari, gefensa ya narke cikin sama, kamar yadda hazon hunturu ke cinye dutse. Inda kake son hazon ya kwanta, dangwala busasshen tsumma tun takardar na da danshi. Daga nan cire hannunka. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki, don komawa kan fenti mai ɗanyen danshi tabo yake bari.

Bayan ta bushe ƙayau, ɗauko buroshi mai ƙarancin ruwa ka goga duwatsun gaba, da shunayyar furen dajin da ke rufe tuddan a watan Agusta.